Darasin Tattalin Arziki: Aikin Mata na Cikin Gida da Guzurin Tsufa, Misali Daga Sabon Badun

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai shanu Kudu, ko ya ɗauro huhun goro daga can, ya san unguwar Sabo ta birnin Badun, watau Ibadan, wadda ke maƙwabtaka da Mokola. A cikin shekarar 1916 ne hukuma ta keɓe wa Hausawa wannan wuri, kuma daga nan ya zama zangon fatake, ya zama mahaɗar cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa. Darasinmu na wannan mako zai ɗauki unguwar ne a matsayin misali, domin a duba wani lissafi da littafin ɗan kasuwa ba ya ɗauke da shi: aikin da mata ke yi a cikin gida ba tare da biya ba, da kuma abin da wannan aiki ke jawo musu idan ƙarfi ya ƙare.

Wani masanin halayyar jama'a mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a shekarun 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kan unguwar a 1969. Abin da ya bayyana shi ne yadda cinikin ya dogara kacokan a kan maigida, wanda a harkar goro ake ce wa fatoma. Falke ya taso daga Arewa da shanunsa, bai san mahautan Yarbawa ba, kuma bisa al'adar kasuwar bashi ake ba su, sai sun yanka sun sayar kana su biya. Maigida shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa, ya tsaya masa a kan bashin, ya kuma ajiye masa kuɗinsa. Ladan wannan duka shi ne la'ada.

To, a nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya yi tambaya. Wa ke dafa abincin da ake kai wa baƙon? Wa ke raino, da wanki, da jinyar tsofaffin gidan, har maigida ya sami sukunin wuni a kara? Matan gidan ne. Maigidan da ba shi da mai girka wa baƙinsa ba zai daɗe yana maigida ba, domin falke ba zai sake sauka inda ya kwana da yunwa ba. Ke nan tuwon da aka tuƙa a cikin gida yana daga cikin jarin da ke jawo la'ada, daidai da ɗakin saukar baƙi da amanar maigida. Bambancin kawai shi ne dillali yana karɓar rabonsa a hannu, yaron da ya kora shanu yana karɓar nasa, amma wadda ta tuƙa tuwo ba ta cikin jerin waɗanda ake sallama.

Ba a Sabo kaɗai abin yake haka ba, kuma ba laifin al'adar Hausa ba ne. Tun a 1920 masanin tattalin arzikin Ingila Arthur Pigou ya yi nuni da cewa idan mutum ya auri mai yi masa girki, ƙididdigar arzikin ƙasa takan ragu, alhali aikin bai ragu da ko cokali ɗaya ba. Albashin ne kurum ya ɓace. Tsarin lissafin arzikin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1993 ya bar girki da raino da jinyar cikin gida a wajen ƙididdiga, shi ya sa taron mata na duniya da aka yi a Beijin a 1995 ya nemi ƙasashe su riƙa auna wannan aiki. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya auna shi: a kowace rana ana yin aikin kula da gida da iyali marar biya na sa'o'i miliyan dubu 16 da ɗoriya, kuma kashi 76 cikin 100 na wannan aiki mata ke yin sa. A matsakaicin lissafi mace tana ba shi sa'a 4 da minti 25 a rana, namiji kuwa sa'a 1 da minti 23. Da za a biya shi a bisa mafi ƙarancin albashi, in ji rahoton, da ya kai dalar Amurka tiriliyan 11 a shekara, watau kimanin kashi 9 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa. Har ila yau rahoton ya ce mata miliyan 606 ne ba sa cikin masu aikin samun kuɗi saboda hidimar gida, maza kuwa miliyan 41.

Yadda fensho ke bin albashi

Dalilin da ya sa wannan ya shafi tsufa shi ne fensho a Nijeriya ɗan albashi ne. Inda babu albashi, babu shi. Asusun tanadin ma'aikata na 1961, da dokar fensho ta soja mai lamba 102 ta 1979, da asusun NSITF da ya gaji na farkon a 1993, dukkansu ma'aikacin gwamnati ko na kamfani suka sani. Dokar gyaran fensho ta 2004 ta kawo tsarin karo-karo, inda ma'aikaci da mai ba shi aiki ke zuba kashi 7 da rabi kowannensu a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, ƙarƙashin kulawar Hukumar Fensho ta Ƙasa, PenCom. Dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa 10 daga mai ba da aiki da 8 daga ma'aikaci, jimla kashi 18 cikin 100, ta kuma wajabta shi a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 ko fiye.

A irin wannan tsari abin da mutum ya zuba da ribar da ya haifa, shi ne abin da zai ci. Bari mu buga misali, kuma misali ne kurum. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Kashi 18 cikin 100 na wannan Naira 12,600 ke nan, a shekara Naira 151,200, a shekara 30 kuwa Naira 4,536,000, ba a ma sa riba ba. Wannan shi ne abin da za a tara wa mai girki da shara idan kamfani ne ya ɗauke ta aiki. Matar da ta yi wannan aikin, har da ƙarin goyo da jinya, na tsawon waɗannan shekaru a gidan aurenta, asusunta babu ko sisin kwabo, domin asusun ma ba a buɗe shi ba.

Matar da ke aikin albashi ma ba ta tsira gaba ɗaya ba. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki shekara 10 don raino ta yi asara sau uku: kuɗin da ba a zuba ba a waɗannan shekaru, da ribar da za su haifa, da ƙarin girman da abokan aikinta suka samu ba ta nan. Kuma shekarun raino su ne na ƙuruciya, waɗanda kuɗinsu ya fi daɗewa yana haihuwa. A ce mutum yana zuba Naira 1,000 kowane mako, ribar kuma ta ɗara hauhawar farashi da kashi 3 cikin 100 a shekara. Wanda ya yi shekara 30 zai tara kusan Naira miliyan 2 da rabi a darajar kuɗin yau. Wanda ya yi shekara 15 ba zai kai miliyan 1 ba. Rabin lokaci bai ba da rabin kuɗi ba.

Sai dai a yi adalci: mazan Sabo ma yawancinsu ba su da fensho. Alkaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin sana'o'in da ba na albashi mai rajista ba. Dillali da mai suya da mai canjin kuɗi babu wanda ke cire musu kashi 8. Amma namiji ɗan kasuwa fenshonsa shi ne gida, da rumfa, da shanu, da yaran da ya kafa a kasuwa, kuma duk da sunansa suke. Tambayar ita ce me ke da sunan matar.

Fenshon kwanuka

Kuskure ne babba a ɗauka matan Sabo ba su da sana'a. Cohen ya tarar da matan aure, ko da suna cikin kulle, suna gudanar da ciniki daga ɗakunansu, musamman dafaffen abinci da ake sayar wa gwagware da baƙin unguwar, yara kuma su ne ke kai talla su dawo da ciniki. Ribar ta matar ce, miji ba shi da iko a kanta. Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kuma kira shi ɓoyayyen ciniki a wata maƙala ta 1969. Enid Schildkrout ta nuna a Kano a ƙarshen shekarun 1970 cewa cinikin matar kulle yana tashi yana faɗuwa ne gwargwadon yaran da take da su na aike. Ƙosai, koko, fura, waina, alale, ƙuli-ƙuli, ɗinkin hula, kitso: kowace unguwar Hausawa ta san su.

Abin lura shi ne inda ribar ke tafiya. Cohen ya ba da labarin yadda matan Sabo ke zuba ribarsu a kwanukan samira masu launi da ake shigowa da su daga Cakoslobakiya, suna jera su a ɗaki har su kusa taɓa rufi. Baƙon ido zai ce ado ne kawai. Amma matar da ba ta zuwa banki, ba ta kuma son kuɗi su zauna a hannu inda kowa zai zo rance, ta sami ma'aji da kowa ke gani, babu mai iya ɗauka a ɓoye, kuma ana iya sayarwa ranar matsi. Mafi yawan kwanukan kuwa ɗakin 'yarta za su koma ranar aure. Wato uwa tana mai da guminta kayan ɗaki da gara, da fatan 'yar da ta shiga gidan miji da daraja za ta riƙe ta idan ta tsufa. Haka biki yake: abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna bashi ne da zai dawo mata da ƙari ranar nata sha'anin. Haka adashi. Idan aka duba da idon ɗan kasuwa, wannan tsarin fensho ne cikakke, yana da zubi, yana da ma'aji, yana da ranar kwasa.

Rauninsa uku ne, kuma na farkon ya fi tsanani. Kwano ba ya haihuwa, kuma yayi yana kashe shi. Samira ta kori tasa, tangaran da kayan gilashi suka kori samira, yau kuma kayan ɗaki sun koma gado da kujeru da firji, waɗanda ke cinye jarin uwa ƙurmus, kuma darajarsu faɗuwa take daga ranar da aka saya. Wadda ta ajiye tsabar kuɗi ma ba ta fi ta ba. Hauhawar farashi ta wuce kashi 70 cikin 100 a 1995, ta kuma kusa kai kashi 35 a Disambar 2024. Dala ɗaya da gwamnati ke sayarwa kimanin Naira 22 a tsakiyar shekarun 1990 ta haura Naira 1,500 a 2024. Canjin kuɗi na 1984 da ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 duk sun fi gigita masu ajiya a ƙarƙashin katifa. Adashi kuwa, ko na uwar adashi ko na masu zagayawa kullum da Yarbawa ke kira alajo, waɗanda ke ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansu, yana hana ɓarna amma ba ya ƙara ko kwabo.

Na biyu, tsarin ya jingina a kan 'ya'ya, kuma yana cin 'ya'yan. Yarinyar da ke yawon talla da safe ba ta aji. Idan ta girma ba ta da takardar da za ta ba ta aikin albashi, sai ita ma ta koma ga kwano da adashi, sai kuma ta nemi tata 'yar ta ɗauki faranti. Matar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka rasu, ko suka watsu neman abinci a Ikko da Fatakwal, ita ce ke faɗawa ta ramin da ke tsakiyar wannan tsari.

Na uku ya keɓanta da zaman baƙunci. Dangin da za su karɓi tsohuwa suna iya kasancewa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, ita kuwa a Badun aka haife ta, can ta san kowa. Kuma dukiyar da ke cikin rumfa ko ɗaki tana iya tafiya a dare ɗaya, kamar yadda aka gani a rikicin kasuwar Sasa ta Badun a watan Fabrairun 2021, inda aka ƙona rumfuna da gidaje, iyalai da yawa suka kwashe zuwa Arewa.

Wani zai ce ai Musulunci ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da muhalli, ya ɗora wa 'ya'ya ɗaukar nauyin iyaye, ya kuma ba mace sadaki da gado. Gaskiya ne, kuma wannan kariya ce da matan wasu al'ummomi ba su samu ba sai a baya-bayan nan. Amma a buga lissafin. Matar mamaci tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu, kuma matan duka ke raba wannan kason. Maigidan da ya bar dukiyar Naira miliyan 16 bayan an biya bashi da wasiyya, da mata huɗu da 'ya'ya, tumuninsa miliyan 2 ne, kowace mace Naira 500,000. Wadda ta yi shekara 40 tana girka wa fatake da amaryar bara rabonsu ɗaya. Tun da yake galibi miji ya girmi matarsa da shekaru masu yawa, zaman da za ta yi bayan takaba yana iya kai shekara 20. Wadda aka saka tana da shekara 50 kuwa, idan idda ta cika, ba ta da ko tumunin. Gado hakkin dangantaka ne, ba ladan aiki ba ne, kuma shari'a ba ta hana miji ya biya ladan aikin tun yana raye ba.

Malaman Malikiyya sun tattauna wannan tun da daɗewa. Sanannen ra'ayi a mazhabar shi ne mace tana yin hidimar cikin gida gwargwadon al'adar wurinta, amma ba a tilasta mata aikin da miji zai sami kuɗi da shi, kamar kaɗi da saƙa. Mai karatu zai iya auna wa kansa ko girkin baƙin da ke biyan la'ada ya fi kama da wanne. A ƙasar Maroko, wani malamin Malikiyya na ƙarni na 16, Ibn Ardun, ya ba da fatawa cewa matar ƙauye da ta yi aiki tare da mijinta tana da rabo a dukiyar da aka tara, ban da gadonta. Malamai da dama sun saɓa masa, amma dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta yarda ma'aurata su rubuta yarjejeniya a kan dukiyar da suka samu a zaman aure.

Ƙasashen da ke da fensho mai faɗi sun bi wata hanyar. Ingila ta fara kare hakkin fenshon masu raino a 1978. Jamus tun 1986 take lissafa shekarun raino kamar shekarun aiki, kuma ga yaron da aka haifa daga 1992 shekara uku ake rubuta wa mai rainonsa. Cile ta sa wa uwaye kyautar fensho a kan kowane ɗa a gyaran da ta yi a 2008. Wanda ya fi kusa da halinmu shi ne na Malesiya, inda asusun tanadin ma'aikata ya buɗe wa matan gida shirin i-Suri a 2018, sa'an nan a 2023 ya ba miji damar juya kashi 2 cikin 100 na albashinsa, daga cikin kason da yake zubawa, zuwa asusun matarsa. A Afirka kuwa, Botsuwana tun 1996, Lesoto tun 2004, da Zanzibar tun 2016 suna biyan tsofaffi fensho ba tare da tambayar ko sun taɓa aikin albashi ba, kuma irin wannan ne kaɗai ke isa ga matar da ba ta taɓa karɓar albashi ba. A nan gida Jihar Ekiti ta fara biyan tsofaffi marasa galihu masu shekara 65 zuwa sama Naira 5,000 a wata a 2011. Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, amma kafa cibiya daban, biyan fensho daban.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa

A ra'ayin mai wannan darasi, jiran gwamnati a nan ɓata lokaci ne, domin akwai ƙofar da take buɗe. A watan Maris na 2019 aka ƙaddamar da shirin ƙaramin fensho na masu sana'ar kansu, wanda PenCom ta sake wa fasali da suna a 2025. Duk mai shekara 18 da ke da sana'a yana iya buɗe asusu da sunansa a kamfanin kula da fensho, ya riƙa zubawa kullum ko mako-mako ko wata-wata gwargwadon hali. A ƙa'idar 2019, kashi 40 cikin 100 na abin da aka zuba ana iya cira don biyan buƙata, kashi 60 kuwa sai an kai shekara 50 ko rashin lafiya ta hana aiki. Ya kamata a tambayi kamfanin yadda rabon yake a sabon fasalin kafin a sa hannu. Masu gudun kuɗin ruwa kuma, tun 2021 akwai asusu na shida, wanda ba a juya shi sai ta hanyoyin da ba ruwa, kamar sukuk. Mai ƙosai da mai kitso duk masu sana'a ne a idon wannan shiri. Abin da ke tare yawancin matan shi ne lambar shaidar ɗan ƙasa, da asusun banki, da wanda zai kai su ofis ya cika musu takarda.

Kada a ɗauka fensho maganin hauhawar farashi ne. A shekarun da farashi ya yi tsalle, ribar asusun takan kasa kamo shi. Shi ya sa tsofaffin hanyoyi ba su mutu ba, gyara kurum suke so. Zinariya ta fi kwano riƙe daraja. Tunkiya tana haihuwa. Ɗaki ɗaya na haya a Sabo ko Ojoo ya fi jeren kujeru. Sharaɗin dai shi ne abin ya zama da sunan matar, a rubuce, da shaidu, kuma ta karɓe shi a hannunta tun mai bayarwa yana da rai da lafiya, domin a Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu komawa take cikin gado, wasiyya kuma ba ta halatta ga magaji sai da yardar sauran magada. Magidanta da yawa sun yi alkawarin gida da baki, suka tafi, aka raba gidan.

Ga mai ma'aikata, dokar 2014 ta wajabta masa inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara ga kowane ma'aikaci. Abin da ke cikin asusun fenshon mamaci kuwa ba ya fita sai da wasiyya ko takardar izinin kula da dukiya daga kotu, kuma nan ne zawarawa da yawa ke shafe watanni suna zirga-zirga, saboda sunan da ke fayil ba a sabunta shi ba tun ranar ɗaukar aiki.

Ga maigida ko fatoma kuwa, lissafin mai sauƙi ne. Ya duba littafinsa na wata guda, ya ga baƙi nawa ya saukar, kwano nawa aka fitar musu, ya tambayi mai tuwo a bakin titin Sabo nawa take sayar da kwano ɗaya, ya cire kuɗin cefanen da ya bayar. Abin da ya rage shi ne ladan aikin da ba a biya ba a wannan wata. Kashi 18 cikin 100 na wannan adadi, idan aka zuba shi a asusun uwargida ranar da ake sallamar dillalai, bai kai kuɗin buhun shinkafa ɗaya ba a yawancin gidaje.